Idan allurar rigakafi ba ta isa kowa ba, wa za a fara yi wa?

Malam Habibu:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da nake so mu baje ta a faifai, cikin natsuwa. A ce annoba ta ɓarke, an samo allurar rigakafi, amma abin da ke hannu bai isa ko mutum ɗaya cikin goma ba. Wa za a fara yi wa, kuma wa zai yanke hukuncin?

Mun ga yadda aka yi lokacin korona. Ranar 8 ga Disamba 2020 aka yi wa wata tsohuwa 'yar shekara 90 allura a Ingila, duniya ta yi ta murna. Ranar 18 ga Janairu 2021 shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya, Tedros Adhanom Ghebreyesus, ya bayyana cewa an riga an yi allura sama da miliyan 39 a ƙasashe aƙalla 49 masu wadata, alhali a wata ƙasa matalauciya guda 25 kacal aka yi. Ni a ganina wanda mutuwa ta fi kusa da shi, shi ya kamata a fara da shi, ko a wace ƙasa yake, ko ɗan wane ne. Mai ja ya fito mu ji hujjarsa.

Nura:
Wa alaikumussalam Malam. Ni ina ja, da dukkan girmamawa. Tsoho yana gida a zaune, ana iya killace shi. Amma direban motar haya, da mai kai kaya, da mai sayar da abinci, da malamin makaranta fa? Mu ne muke cuɗanya da ɗaruruwan mutane kullum, mu ne muke kwaso cutar mu kai wa tsofaffin a gida. In aka fara da mu, an tare hanyar da cutar ke bi. Kuma in muka kwanta, wa zai ciyar da tsohon?

Hajiya Asabe:
Nura ɗana, kana ganin killace tsoho abu ne mai sauƙi? Mahaifiyata ta haura tamanin, ga hawan jini ga ciwon suga. Ni nake yi mata wanka, ni nake ba ta abinci a baki, jikokinta kuma a ɗaki ɗaya suke kwana da ita. Ina zan killace ta? Kai in ka kamu, da yardar Allah za ka yi zazzaɓi na kwanaki ka miƙe. Ita in ta kamu, sai dai mu yi ta addu'a.

Nura:
Allah ya ƙara mata lafiya, Hajiya. Ban raina halin da kuke ciki ba. Abin da nake nufi, in aka yi wa ke da jikokin allura, ai an kare ta.

Dakta Maryam:
Ku biyun nan kun taɓo ainihin wurin da masana suka yi ta kai ruwa rana a kai. Amsar tana rataye ne da abu biyu: wa cutar ta fi kashewa, kuma allurar tana hana yaɗuwa ne ko kuwa tsananin ciwo kawai take ragewa.

Maganar Nura za ta yi ƙarfi sosai in an tabbatar allurar tana hana mutum ɗaukar cutar ya ba wani. A ƙarshen 2020 abin da gwaji ya nuna ƙarara shi ne alluran korona suna hana mutum kwanciya da ciwo. Batun hana yaɗuwa kuwa ba a gama tantance shi ba, daga baya ma da nau'in Omicron ya zo an ga masu allura da yawa suna kamuwa suna kuma yaɗawa, sai dai ba su cika mutuwa ba. To in ka yi wa jikoki ka bar kaka, kana iya wayar gari jikokin sun kawo mata cutar duk da allurarsu.

Shi ya sa Birtaniya ta jera mutane rukuni tara. Na farko mazauna gidajen kula da tsofaffi da masu kula da su, sai 'yan shekara 80 zuwa sama tare da ma'aikatan lafiya, sai 75, sai 70, ana saukowa har zuwa 50, da masu ciwuka na dindindin a tsakani. Lissafin kwamitinsu shi ne waɗannan rukunai tara sun ƙunshi kusan kashi 99 cikin 100 na mace-macen da za a iya hanawa. Indonesiya kuwa da ta fara ranar 13 ga Janairu 2021, bayan ma'aikatan lafiya ta fi karkata ga masu shekara 18 zuwa 59, wato hanyar da Nura yake so. Ɗaya daga cikin dalilanta shi ne allurar Sinovac da take da ita ba a gama tabbatar da ingancinta ga tsofaffi ba a lokacin. Da aka amince da ita a watan Fabrairu, sai suka shigo da tsofaffin.

Amma kada wani ya ɗauka "tsofaffi da farko" doka ce ta har abada. Murar 1918 ta yi mummunar ɓarna a cikin matasa majiya ƙarfi, 'yan shekara 20 zuwa 40. A murar aladu ta 2009 Amurka ta sa mata masu juna biyu da yara da matasa a sahun gaba. Cutar ce ke nuna wanda ya fi shiga haɗari, ba shekaru kaɗai ba.

Malam Habibu:
Madalla Dakta. Ke nan ma'aunin bai canza ba, mutanen da ke faɗawa cikinsa ne suke canzawa.

Alhaji Tukur:
Salamu alaikum. Na karanta duk abin da kuka rubuta. Cikin ƙasa ɗaya ban da ja, a fara da ma'aikatan asibiti da masu rauni. Inda zan rabu da Malam Habibu shi ne wannan magana tasa ta "ko a wace ƙasa yake". So so ne, amma son kai ya fi. Shugaban ƙasa jama'arsa suka zaɓe shi, harajinsu ya zuba a binciken allurar tun ba a san za ta yi aiki ba. Amurka ta kashe biliyoyin daloli a shirinta na gaggauta samar da allura mai suna Operation Warp Speed. Yaya za a yi ya tsaya gaban mutanensa ya ce musu ku dakata, na aika da rabonku wata nahiya? Ko ni ne a kujerar ba zan iya ba. Mu daina ganin laifin wanda ya yi tanadi, mu tambayi wanda bai yi ba.

Malam Habibu:
Ranka ya daɗe, ban ce shugaba ya bar tsofaffin ƙasarsa ya aika wa wasu ba. Ya fara da nasa masu rauni, babu mai zarginsa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne abin da ya biyo baya. Akwai ƙasashen da suka ƙulla cinikin allurar da ta ninka yawan jama'arsu sau da dama, Kanada na cikinsu. Akwai lokacin da ake yi wa lafiyayyen saurayi ɗan shekara 25 allura a Turai, alhali nas ɗin da ke sa wa majinyata iskar numfashi a wata ƙasa ba ta ga ko kwalbar ba. A ƙarshen Yuli 2021 Isra'ila ta fara allura ta uku ga 'yan sama da shekara 60, wasu ƙasashe suka bi sahu. A farkon Agusta Hukumar Lafiya ta Duniya ta roƙi a dakata da allurar ƙarin zuwa ƙarshen Satumba don a samu a yi wa waɗanda ba su sami ko ta farko ba. Ba a saurare ta ba. Wannan ya wuce tanadi, Alhaji, ɓoye kaya ne a lokacin da maƙwabci ke mutuwa.

Alhaji Tukur:
Allura ta uku ga tsoho ba almubazzaranci ba ce, Malam. An ga ƙarfin ta biyu yana raguwa.

Dakta Maryam:
Gaskiya ne Alhaji, ga tsofaffi da masu raunin garkuwar jiki ta uku tana da amfani na zahiri. Amma in aka auna, ceton da allurar farko ke yi wa dattijon da bai taɓa samu ba ya fi ƙarin kariyar da ta uku ke ba matashi mai lafiya nesa ba kusa ba. Kwalba ɗaya ce, ran da za ta ceta ne ya bambanta.

Barista Kabiru:
Bari in shigo a nan, don maganar Alhaji ta "wanda bai yi tanadi ba" tana buƙatar gyara. An yi tanadin, sunansa COVAX. Hukumar Lafiya ta Duniya da wasu ƙungiyoyin rigakafi biyu, Gavi da CEPI, suka kafa shi a 2020, UNICEF kuma ke jigilar kaya. Tsarin shi ne a haɗa kuɗi a sayi allura tare, a fara ba kowace ƙasa abin da zai ishi kashi 3 cikin 100 na jama'arta saboda ma'aikatan lafiya, sannan a ci gaba har kashi 20. A takarda abin ya yi kyau.

Me ya karya shi? Kafin ya tara kuɗi, manyan ƙasashe sun riga sun je wa kamfanoni kai tsaye sun kama sahun gaba. Kayan COVAX na farko sai ranar 24 ga Fabrairu 2021 suka sauka, a Ghana, allura 600,000, wata biyu da rabi bayan Ingila ta fara. Sannan shirin ya jingina sosai da masana'anta ɗaya, Serum Institute ta Indiya. Da nau'in Delta ya turnuƙe Indiya a watannin Afrilu da Mayu na 2021, gwamnati ta tsayar da fitar da allura, ba a dawo da aika wa COVAX ba sai wajen Nuwamba. Ƙasashen da suka yi wa mutane allurar farko suka rasa ta biyu.

Ku lura, Indiya ma abin da Alhaji ya faɗa ta yi, nata ta fara dubawa, kuma da irin gawarwakin da ake ƙonawa a lokacin da wuya mutum ya zarge ta. Abin da na fahimta daga nan shi ne duk wanda masana'anta ke ƙasarsa, shi ke da magana ta ƙarshe. Nahiyar Afirka tana shigo da kusan kashi 99 cikin 100 na alluran rigakafin da take amfani da su daga waje. Wanda ke wannan hali ko da kuɗi a hannunsa sai ya jira. Tarayyar Afirka ta ƙulla cinikin allurar Johnson & Johnson da kuɗi a Maris 2021, amma kayan ba su fara isowa ba sai Agusta.

Alhaji Tukur:
To ai ka zo inda nake, Barista. Kowa ya gina tasa masana'antar.

Barista Kabiru:
Na yarda da rabin maganar, ranka ya daɗe. Tarayyar Afirka ma ta sa wa kanta burin haɗa kashi 60 cikin 100 na alluranta a gida kafin 2040, kuma an kafa cibiyar koyar da sabuwar fasahar haɗa allura ta mRNA a Cape Town a 2021. Amma da Indiya da Afirka ta Kudu suka je Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya a Oktoba 2020 suna neman a jingine haƙƙin mallakar fasaha na ɗan lokaci don wasu masana'antu su iya haɗawa, sai Yuni 2022 aka cimma matsaya, ita ma an rage mata ƙarfi, lokacin kuwa ƙarancin ya riga ya wuce. Ba za ka ce wa mutum ya gina tasa ba, sannan ka riƙe sirrin haɗin.

Sista Rabi:
Ku gafarce ni manya, ina ta karantawa ban sa baki ba. Ku kuna maganar ƙasa da ƙasa, ni bari in gaya muku yadda abin yake a kan teburin allura.

Kwalbar AstraZeneca da muka yi aiki da ita ta mutum goma ce. Da zarar ka huda ta, awa shida gare ka, in ba ka ƙarar ba sai zubarwa. To ga shi la'asar ta yi, mutum bakwai ne suka rage a kan benci, duka dattawa, wata ma da ƙyar aka kawo ta a keken guragu. In na buɗe, uku za su yi saura. In na ce su dawo gobe, na san wannan ta keken ba za a sake kawo ta ba. Sai in buɗe. Daga nan sai neman mutum uku kafin lokaci ya cika. Wa ke kusa? Mai gadi, da direban da ya kawo wani, da ɗan'uwan wani ma'aikaci da aka kira a waya ya iso cikin minti goma. Ba su cikin rukunin da aka ce a yi wa, amma zubar da ita a kwandon shara ya fi muni.

A nan ne alfarma take shigowa ba tare da kowa ya yi niyyar cuta ba. Wanda ke da lambar wayar ma'aikaci shi ke samun saura. Da aka ga abin yana neman zama al'ada, har wasu na jinkirta buɗe kwalba don ta yi saura, sai shugabar sashenmu ta kawo littafi. Duk mai ciwon suga ko hawan jini ko shekaru da ke zaune kusa, a rubuta sunansa da lambarsa tun da safe, in an sami saura a bi layin littafin daga sama. Littafin makaranta ne mai bango shuɗi, ba wani abu ba, amma shi ya kashe rigimar.

Hajiya Asabe:
Allah ya saka miki da alheri Sista. Ni abin da ya ba ni wahala rajista ce. Aka ce sai an cike fom a intanet. Tsohuwar da ba ta gani sosai, ba ta da waya, yaya za ta yi? Wanda ya fi buƙata shi ya fi kasa isa wurin. Da na kai ta kuma, layi ya miƙe har bakin titi, matasa sun cika gaba tun asuba. Ta yaya mai shekara tamanin za ta yi tsayuwar awa uku?

Malam Habibu:
Wannan shi ya sa ban yarda da "wanda ya riga zuwa shi ke samu" ba. A ido kamar adalci ne, don ba a tambayi sunan uban kowa ba. Amma wa ke riga zuwa? Mai mota, mai ƙarfin ƙafa, mai intanet, wanda zai iya barin aikinsa na yini bai rasa abin cefane ba. In an ce tsofaffi ne farko, sai a ɗauki allurar a kai musu inda suke, in ba haka ba sunansu ne kawai a saman takarda.

Isiyaku:
Ni fa ina ganin duk wannan jere-jeren rukuni ƙofa ce ta maguɗi. Kowa zai zo da takardar likita ya ce yana da ciwo. Me zai hana a jefa ƙuri'a kawai? Rai dai rai ne, wanda ta faɗo kansa shi ke nan, babu mai cewa an yi masa rashin adalci.

Dakta Maryam:
Malam Isiyaku, ƙuri'a tana da wurinta, amma ba a farko ba. In ka jefa ta a kan kowa da kowa, yawancin alluran za su faɗa kan waɗanda da ma za su warke, mutanen da za a iya ceta su mutu. Inda take da amfani shi ne tsakanin mutanen da haɗarinsu ɗaya. Kana da dattawa dubu masu shekaru da lafiya kusan iri ɗaya, allura ɗari uku, babu wani dalilin likita na fifita wani. A nan ƙuri'a a bainar jama'a ta fi barin ma'aikaci ya zaɓa da son ransa. Batun takardar bogi kuma, shi ya sa ƙasashe da yawa suka fi dogara da shekaru, don shekaru sun fi wuyar ƙirƙira kuma kowa yana gane ƙa'idar.

Nura:
To shugabanni fa? Su ma ai cewa suke aikinsu na da muhimmanci.

Barista Kabiru:
Akwai bambanci tsakanin shugaban da ya nannaɗe hannun riga a gaban kyamara don jama'a su saki jiki, kamar yadda Joko Widodo ya yi a Indonesiya, da wanda ya shiga ta bayan gida. A Peru an gano a Fabrairu 2021 cewa kusan mutum 500, ciki har da tsohon shugaban ƙasa Martín Vizcarra, sun karɓi allurar Sinopharm a ɓoye kafin a fara yi wa likitoci. Ministar lafiya da ta harkokin waje duka sun sauka. A cikin watan dai ministan lafiyar Ajantina ya rasa kujerarsa saboda an yi wa na kusa da gwamnati allura ba bisa layi ba. Yawan alluran da suka ci bai kai ya girgiza lissafin ƙasa ba. Ɓarnar ita ce daga ranar duk wanda aka ce ya jira, zai ga kamar shi ne wawa.

Sista Rabi:
Wallahi haka ne. Mutum yana iya haƙurin jira in ya san dalili kuma ya ga kowa yana jira. Ranar da ya ga an shigo da wani ta ƙofar baya, ranar haƙurin ke ƙarewa, kuma a kanmu ake saukewa.

Alhaji Tukur:
Ina da tambaya ɗaya da ba ku taɓa ba. An ba wasu ƙasashen allurar, suka bar ta ta lalace. Malawi ta ƙona, Najeriya ta binne. In mutum bai iya amfani da abu ba, me ya sa za a hana wanda zai iya?

Dakta Maryam:
Tambayar tana kan hanya Alhaji, kuma abin ya faru. Malawi ta ƙona kusan allura 20,000 a Mayu 2021, Najeriya ta lalata sama da miliyan ɗaya a Disamba 2021. Akwai laifin shiri a wasu wurare, akwai jita-jitar da ta sa mutane gudu, ba zan ɓoye ba. Amma a duba kwanan watan da ke jikin kwalaben. Da yawa daga cikin kyautar sun iso ne saura 'yan makonni wa'adinsu ya ƙare, wani lokaci ba tare da sanarwa da wuri ba. Kafin a sauke a filin jirgi, hukuma ta tantance, a rarraba zuwa jihohi da ƙauyuka cikin sanyi, a horar da ma'aikata, a sanar da jama'a, lokaci ya tafi. Ta Pfizer kuma a farko sai firij mai sanyin digiri 70 ƙasa da sifili, abin da asibitoci da yawa ko a ƙasashe masu arziki ba su da shi. Har sai da COVAX da Tarayyar Afirka suka fitar da sanarwa a Nuwamba 2021 suna neman duk kyautar da za a aiko ta kasance da sauran aƙalla mako goma. Kyautar da ta zo a makare ba ta zama hujjar cewa mai karɓa bai cancanta ba.

Kuma tunda mun zo nan, ni kaina ina da ja da tsarin COVAX na ba kowace ƙasa kashi 20 daidai wa daida. A Japan sama da kashi 28 cikin 100 na jama'a sun kai shekara 65, a yawancin ƙasashen Afirka kudu da Sahara kuwa kusan kashi 3 ne. Sannan wata ƙasar cutar na ci kamar wutar daji, wata kuma da sauƙi. Raba daidai ya fi sauƙin samun amincewar gwamnatoci, amma ba lallai ya fi ceton rai ba.

Malam Habibu:
Dakta, wannan ba zai koma hujjar masu arziki ba? Su ce tsofaffinmu sun fi yawa, mu za a fara ba?

Dakta Maryam:
Zai iya, shi ya sa ba a auna shekaru su kaɗai. Dattijon da ya kamu a inda akwai gado da iskar numfashi da likita, ba ɗaya yake da wanda ya kamu a inda babu ko ɗaya ba. Na biyun allurar ce kaɗai garkuwarsa. In aka haɗa duka a ma'auni, babu ƙasar da za ta kwashe komai, kuma ma'aikatan lafiya na ko'ina za su shiga zagayen farko.

Wani abin da ba mu faɗa ba, ƙarancin kansa ana iya sassauta shi da dabara. A Agusta 2016 da cutar shawara ta tsallako daga Angola, allura ta yi ƙaranci, sai aka yi wa sama da mutum miliyan 7 a Kinshasa kashi ɗaya cikin biyar na allurar da aka saba, bayan bincike ya nuna hakan na ba da kariya. A Oktoba 2022 aka koma ba da rigakafin kwalara sau ɗaya maimakon biyu saboda rumbun duniya ya yi ƙasa. Birtaniya ta tsawaita tazarar allurar korona ta farko da ta biyu zuwa mako 12 a ƙarshen Disamba 2020 don mutane da yawa su sami ta farko. Tun a 1966 ma, da allurar agana ta yi wa Dakta William Foege ƙaranci a gabashin Najeriya, sai ya bar yi wa kowa da kowa, ya riƙa neman inda cutar ta ɓulla yana yi wa waɗanda ke kewaye da mai ciwon. Da wannan dabara aka ƙarasa agana a duniya, aka sanar a 1980, kuma ita aka bi a gwajin allurar Ebola a Gini a 2015. Nura, ka ga a irin wannan cutar ba a tambayar shekarunka, ana tambayar wa ka taɓa.

Nura:
Na gane, Dakta. Amma har yanzu ina nan a kan cewa bayan tsofaffi da ma'aikatan asibiti, wanda ba zai iya aiki daga gida ba ya kamata ya riga wanda ke zaune gaban kwamfuta a ɗakinsa, ko da shekarunsu ɗaya.

Sista Rabi:
A wannan ina bayanka ƙanena. Kuma a tuna da masu shara da masu wankin kayan majinyata da masu ɗaukar gawa. In an ce ma'aikatan lafiya, sau da yawa likita da nas ake tunawa, alhali mai goge ƙasan ɗakin masu cutar ya fi wani babban likitan daɗewa a ciki.

Alhaji Tukur:
Ni dai ban sauka daga matsayina ba, in wata ta sake zuwa kowace gwamnati nata za ta fara dubawa. Sai dai in akwai abin da zai ɗaure ta tun kafin lokacin. Barista, akwai?

Barista Kabiru:
An fara, ranka ya daɗe. Tushensa tsohuwar rigima ce. A 2007 Indonesiya ta daina ba da samfurin ƙwayar murar tsuntsaye, tana cewa ana karɓar samfurinta kyauta a haɗa allurar da ba za ta iya saya ba. Wannan ya haifar da wata yarjejeniya a 2011 kan cututtukan mura. Sai kuma Nuwamba 2021, da masanan Afirka ta Kudu da Botswana suka sanar da duniya Omicron, sakamakon da suka samu shi ne rufe musu hanyoyin jiragen sama.

A Mayu 2025 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince da yarjejeniyar annoba. A cikinta an tsara cewa kamfanonin da suka shiga tsarin musayar samfurin ƙwayoyin cuta za su sa burin ware wa hukumar kashi 20 cikin 100 na abin da suke haɗawa a daidai lokacin da suke haɗa shi, aƙalla kashi 10 kyauta, sauran a farashi mai sauƙi. "A daidai lokacin" ɗin nan shi ne muhimmi, don a korona ragowa aka riƙa bayarwa. Amma an bar bayanin yadda musayar za ta gudana zuwa wata tattaunawar, yarjejeniyar kuma ba ta fara aiki sai ƙasashe 60 sun tabbatar da ita a hukumance. Amurka ba ta ciki.

Hajiya Asabe:
To kafin su gama, Sista, wannan littafin naku na saura, ɗan'uwa zai iya rubuta sunan tsohuwarsa ko sai ta zo da kanta?

Sista Rabi:
A wurinmu ɗan'uwa yana rubutawa, Hajiya, da shekarunta da ciwon da take da shi da lambar wanda zai ɗauki waya. Sharaɗin kawai a iya kawo ta cikin awa ɗaya in an kira. Waɗanda ba sa iya tashi kuma muna ware musu rana guda, mu haɗa gidaje goma da ke kusa da juna, mu ɗauki kwalba ɗaya a akwatin sanyi mu bi su.